Kwas ɗin ka'idar katagori don kwamfutar kwantum: na ɗauka, ga abinda zaka samu da kuɗinka

Taurari huɗu cikin biyar nake ba kwas ɗinnan, kuma tauraro ɗayan da na cire ba wai don karatun bashi da kyau bane, yadda ake tallansa ne bai min ba. A takardar zaɓen kwasa-kwasai an rubuta wai shine tushen ilimin kwamfutar kwantum, duk wanda ya karanta haka zai ɗauka daga nan ake farawa, alhali ko kusa ba haka bane. Hawa na biyu ne ko ma na uku. In ka shigo baka da na ƙasan to wallahi zaka zauna a aji kana kallon zane masu kyau a allo, kana gyaɗa kai, ka fito baka san me aka zana ba.

Kwas ne na zango ɗaya a cikin mastas ɗin kimiyyar kwamfuta, a wata jami'a a Birtaniya, ba Oksfod ba kafin wani ya tambaya, sunanta kuma zan barshi. Tsarin dai irin wanda aka saba ne, lakca a babban aji, sai ƙaramin aji na warware tambayoyi da wani ɗalibin digirin digirgir yake ɗauka, sai takardun atisaye, a ƙarshe jarabawa wadda ake baka ka tafi da ita gida ka rubuto hujjojinka ka kawo. Ajin a cakuɗe yake, 'yan lissafi zalla, 'yan fizik, da mu 'yan kwamfuta, kuma kowane ɓangare da inda takalmi ke matsa masa.

Bari in faɗi me ake koyarwa tukunna saboda na san da yawa sunan kawai suke ji. Ka'idar katagori ba don kwantum aka ƙirƙireta ba sam. Samuel Eilenberg da Saunders Mac Lane ne suka kafata a takardarsu ta 1945, su kuma matsalar tofoloji ce a gabansu, ba ruwansu da wata kwamfuta. Abinda ta zo dashi shine ka daina leƙa cikin abu kana tambayar me ke ciki, ka kalli kibiyoyin da ke fita daga wannan abu zuwa wancan da yadda ake jona su, kibiya daga A zuwa B, wata daga B zuwa C, ka jona ka samu daga A zuwa C, shikenan. Makon farko zaka ce to wannan ai ba komai, me ye abin wahala. Ka jira.

Inda ta haɗu da kwantum shine 2004, lokacin da Samson Abramsky da Bob Coecke a Oksfod suka nuna cewa abubuwa da yawa da ake yi a kwantum ba sai ka buɗe sararin Hilbert, wato filin lissafin da aka saba rubuta kwantum a cikinsa, ka fara lissafin lambobi ba, tsarin jona abubuwan kaɗai ya isa ya baka amsa. Hanya biyu ake haɗa aiki, ko a jere wannan ya gama wancan ya karɓa, ko gefe da gefe suna tafiya lokaci ɗaya, wannan na biyun shine tensa. Katagorin da ke da duka biyun ake kira monoyidal, kuma daɗin abin shine André Joyal da Ross Street tun 1991 sun tabbatar cewa irin wannan katagori zaka iya yin lissafinsa da zane, akwati da waya, kuma zanen hujja ce cikakkiya ba wai hoton taimaka wa ƙwaƙwalwa ba. Roger Penrose ma yana irin wannan zanen tun 1971 don lissafin tensa ɗinsa. To kwas ɗin gaba ɗaya a kan wannan ya tsaya, akwati aiki ne, waya kuma tsarin da ake aikin a kansa, misali kiyubit ɗaya, wato bit ɗin kwamfutar kwantum.

Ranar da aka yi telifoteshan, wato aika halin kiyubit daga wannan wuri zuwa wancan ba tare da an aika kiyubit ɗin kansa ba, itace ranar da kuɗina suka fito, gaskiya. Wanda ya taɓa yinsa ta hanyar da aka saba ya san wahalar, kiyubit uku, kowane mataki matiris mai layi 8 da ginshiƙi 8, ka baje komai ka sake tarawa kana bin alamar ɗebewa kar ɗaya ta kuɓuce maka, a ƙarshe amsa ta fito daidai amma in aka tsareka akace me yasa ya yi aiki sai dai kace haka lissafi ya bayar. Bennett, Brassard da abokan aikinsu huɗu suka fito da dabarar a 1993, aka gwada ta a ɗakin gwaji a 1997, kuma tun lokacin haka ake koya wa ɗalibai ita da tarin alamomi. A zane kuwa kiyubit biyu da suka sarƙe da juna waya ce guda da aka lanƙwasa kamar kofi, awon da mai aikawa zata yi kuma waya ce da aka lanƙwasa ta ɗaya ɓangaren kamar hula, in ka jona su sai kaga waya ɗaya ce tal ta yi lanƙwasa biyu. Kamar igiyar shanya ce da ta yi sako-sako, ka kama baki biyu ka ja ta miƙe, abinda ya shiga ta nan ya fita ta can. Sauran aikin kawai gyara ne, awon yana iya bada sakamako ɗaya cikin huɗu shi yasa dole a aika bit biyu ta hanyar sadarwa ta yau da kullum don mai karɓa ya san wane gyara zai yi, kuma nan kake gani da idonka dalilin da yasa babu wani saƙo da ya riga haske gudu, in bit biyun nan basu iso ba abinda ke hannun mai karɓa shirme ne. Malamar ta zana wannan a ƙasa da minti biyar, wani ɗan fizik da ke gefena har da dafe kai, yace shekara nawa yana haddace wannan abin.

Na biyun da ya burgeni shine maganar hana kwafi. Kowa ya san ba a iya kwafin halin kiyubit da ba a sani ba, Wootters da Zurek, da kuma Dieks shi kaɗai, duk a 1982 suka nuna. Hujjar da aka saba gajera ce amma bata gaya maka daga ina abin ya samo asali. Anan sai aka nuna mana cewa a katagorin tarin abubuwa na yau da kullum, inda kwamfutarmu ta gida take rayuwa, haɗa abu biyu gefe da gefe yana zuwa da kibiyar kwafi da kibiyar sharewa a kyauta, shi yasa a furogiramin kake amfani da lamba ɗaya sau goma baka ko tunani. Tensa na kwantum bashi da wannan kyautar. Kuma in ka dage sai ka cusa kwafi na bai-ɗaya a katagorin da ke da kofi da hula, gaba ɗaya ginin rushewa yake, kowane aiki daga abu zuwa kansa ya koma kamar ba a yi komai ba sai dai ninkawa da lamba. Wato sarƙewa da kwafi basa zama gida ɗaya. Ni a matsayina na ɗan kwamfuta wannan ya zauna min fiye da duk wani bayani da na taɓa ji.

Yanzu inda aka ɓata mana lokaci. Kusan kashi ɗaya cikin uku na farkon zangon an tafi ne a kan katagori zalla, fankta, canji na ɗabi'a tsakanin fankta biyu, limit da kolimit, adjankshan, lemar Yoneda, sai ka'idar daidaituwa ta Mac Lane da zanenta mai kusurwa biyar. Ban ce basu da kyau ba, 'yan lissafin ajin har wani lumshe ido suke in an ambaci Yoneda. Amma ina rantse muku daga ranar da aka fara zana waya har ranar jarabawa ba a sake buƙatar Yoneda ko sau ɗaya ba, limit ma haka. Mai kusurwa biyar ɗin kuwa amfaninsa kawai ya baka lasisin ka manta da baka-biyu, kayi ta zanenka hankali kwance, abinda za a faɗa a lakca ɗaya a wuce. A waɗannan makonnin ne ajin ya rage, 'yan fizik da yawa suka ajiye kwas ɗin suka koma wani tun kafin a zo wurin da zai musu daɗi, abin takaici. Da ni ke tsarawa da zane zan fara ranar farko, in mutum ya ga amfanin abin da kansa zai nemi sanin me ke ƙarƙashi.

Rabin ƙarshe shine ZX, kuma shine ɓangaren da ke da kasuwa a waje. Coecke da Ross Duncan suka fito dashi a 2008. Maimakon akwatuna iri-iri sai a koma ɗigo kala biyu, kore da ja, ana ce musu gizo-gizo saboda ƙafafu da yawa da ke fita daga jikinsu, kowanne ɗauke da kusurwarsa. Kore na Z, ja na X, sai ɗan akwati ruwan ɗorawa na Hadamard da ke juya kala. Dokar farko, gizo biyu masu kala ɗaya in waya ta haɗa su sai su narke su zama ɗaya a tara kusurwoyinsu. CNOT, ƙofa ko aikin da ake yi a kan kiyubit biyu, da muke haddace matiris ɗinta ashe ɗigo kore ne da ja da waya a tsakani, kawai. In ka jera CNOT biyu, koren ya haɗe da kore, jan ya haɗe da ja, sai waya biyu ta rage a tsakaninsu, akwai doka da tace waya biyu tsakanin kore da ja tsinkewa suke, sai kaga wayoyinka biyu a miƙe ba komai a kai, wato CNOT sau biyu daidai yake da ba ka yi komai ba. Na zauna a ɗaki da biro kore da ja ina ta wannan wasan har dare ya raba, abin yana da ɗanɗano kamar wasan dara. Kuma ba wasa bane kawai, an tabbatar dokokin sun cika, Miriam Backens ta nuna haka ga wani rukunin ƙofofi da ake kira Clifford a wajajen 2014, daga baya a 2017 Ng da Wang a Oksfod, da Jeandel, Perdrix da Vilmart a Faransa suka faɗaɗa shi, ma'ana duk abinda yake gaskiya a matiris zaka iya kaiwa gareshi da zane kaɗai.

Nan ne kuma katagorin ya dawo da ma'ana, don an nuna mana cewa gizon ba daga sama ya faɗo ba, aljabarar Frobenius ce, kuma Coecke, Pavlovic da Vicary sun tabbatar irin wannan aljabarar a sarari mai iyaka daidai take da zaɓen ginshiƙan awo. Wato kore da ja hanya biyu ce ta auna kiyubit waɗanda in ka san ɗaya sarai to ɗayar ta ɓace maka gaba ɗaya. Wannan lakcar ta yi nauyi, amma irin nauyin da ya cancanta.

Amfaninsa a aikace, don na san tambayar da ke ran kowa kenan. Ƙofar T, wadda kusurwarta pi bisa huɗu ce, ita ce mai tsada a kwamfutar kwantum mai gyaran kuskure, don ba a yinta kai tsaye sai an tace wasu halaye na musamman kuma tacewar tana cin kiyubit da yawa. Saboda haka duk wanda ya rage yawan T a sakit, wato jerin ƙofofin da inji zai gudanar, ya rage kuɗi. Aleks Kissinger da John van de Wetering sun rubuta PyZX a Python, kyauta yake a GitHub, kana bashi sakit ya mayar dashi zanen ZX ya murƙushe ya dawo maka da wanda T ɗinsa ta ragu. Kamfanin Quantinuum, wanda aka kafa a 2021 da haɗewar Cambridge Quantum da sashen kwantum na Honeywell, ya ɗauki mutanen wannan fanni da dama har da shi Coecke ɗin, kuma su suka fitar da lambeq na sarrafa harshe wanda shima a kan wannan zanen wayar ya ginu. Masu aikin gyaran kuskure ma yanzu suna zana wata dabararsu da ake kira tiyatar latis da gizo kore da ja. To ba ilimin ajiyewa a kanta bane. Amma fa duk wannan a lakca ɗaya aka ambace shi a gurguje ana ƙarshen zango, babu ko atisaye ɗaya da akace mu buɗe kwamfuta, kwas a sashen kimiyyar kwamfuta amma daga farko har ƙarshe biro da takarda, ni da kaina na sauke PyZX na koya a ɗaki. Wannan ya min ciwo in na tuna abinda ɗalibin waje yake biya, wanda ya ninka na ɗan ƙasa, ga kuma yadda naira take.

Abinda kwas ɗin bazai baka ba, kuma ya kamata su rubuta a takardar tun farko. Bazaka fito ka iya algoridim ɗin Shor na 1994 ko na Grover na 1996 ba, an ambaci sunansu an wuce. Dalili kuwa zanen waya gwani ne wajen nuna yadda bayani ke gudana da kuma cewa wannan sakit daidai yake da wancan, amma in tambayar itace sau nawa zan maimaita, ko meye yiwuwar in samu amsa daidai, to dole ka koma lambobi da sain da kosain. Bazaka koyi Qiskit, manhajar IBM ta rubuta sakit, ba, bazaka taɓa injin gaske ba duk da IBM ta buɗe nata a intanet tun 2016. Batun hayaniya da yadda kiyubit ke lalacewa an taɓa shi ne sama-sama ta hanyar ninka waya biyu. Sannan kofi da hular nan da nake yabo a sarari mai iyaka kaɗai suke aiki, da zarar ka shiga mara iyaka, irin matsayi da saurin ƙwayar zarra, dabarar bata tafiya kai tsaye, wani ɗan fizik ya tambaya akace masa wannan bincike ne da ake kan yi. Ko a ZX ɗin ma akwai tarko, murƙushe zane abu ne mai sauƙi amma dawo dashi ya zama sakit da inji zai iya gudanarwa ba kullum yake yiwuwa cikin sauƙi ba, an ma tabbatar a 2022 cewa a gaba ɗaya matsala ce mai tsananin wuya, shi yasa manhajojin ke takatsantsan da irin dokokin da suke amfani dasu.

Malamar kanta ba laifi, ta san abinta kuma hannunta a allo kamar mai zanen lalle, sai dai tana da wata ɗabi'a ta zubar da lambobin ninkawa, ko ina sai tace wannan daidai yake da wancan in aka manta da sikela, wato lambar ninkawar, tushen biyu ya ɓace nan rabi ya ɓace can. Duk zango a haka muka tafi. Sai ga jarabawa ta zo da tambayar a lissafa yiwuwar sakamako, wadda dole sai ka bi kowane tushen biyu ɗaya bayan ɗaya, ranar guruf ɗin ajinmu na WhatsApp kamar gidan makoki. Ƙaramin ajin warware tambayoyi shine ya ceci da yawanmu, yaron da ke ɗauka yana da haƙuri, in ka kawo zane ya karkace bazai ce ka yi kuskure ba sai yace to fassara min shi zuwa matiris mu gani, kana fassarawa kai da kanka zaka ga inda ka kauce. Sakamakon atisaye kuma yana daɗewa kafin ya dawo, wani sai an wuce babin da mako biyu, lokacin ka manta me ma ka rubuta. Wani abu ƙarami amma ba ƙarami ba, kore da ja a allo, akwai wanda baya bambance kalolin nan biyu a ajinmu, sai da ya yi magana aka koma fari da toka.

Wa ya kamata ya ɗauka? In kana da liniya aljabara a hannu sosai, ba wai ka ci jarabawarta a aji biyu ka manta ba, ina nufin tensa, lambobi masu sashen i, aigenbalu, matiris yunitari duk suna zaune a kanka, kuma ka riga ka yi kwas ɗin kwantum na farko ko kana yinsa a zango ɗaya da wannan, to ka shiga kar ka yi shawara da kowa. In burinka digirin digirgir ne a kan kwamfaila na kwantum, ko gyaran kuskure, ko harsunan furogiramin, wannan zai baka yaren da mutanen fannin ke magana dashi a taro. In kuwa kai ɗan lissafi ne da ke son katagori don kanta, zaka ji daɗin farkon ka raina ƙarshen, gara ka nemi kwas ɗin sashen lissafi. Wanda kuma yake son ya gama mastas ya samu aiki yana rubuta sakit a Qiskit, kuma gurbi ɗaya ya rage masa na zaɓi, ni dai bazan bashi shawarar ya kashe shi anan ba, ya ɗauki algoridim na kwantum, ZX ɗin ya koya da kansa daga baya.

Ga 'yan uwa masu shirin fitowa da tallafin PTDF ko Commonwealth ko ma kuɗin gida, ba a fafe gora ranar tafiya, zangon nan gajere ne kuma ba mai jiranka. Kafin ka taso ka nemi doguwar maƙalar gabatarwa kan ZX da van de Wetering ya ɗora a arXiv, shafin da masu bincike ke ɗora maƙaloli, a ƙarshen 2020, kyauta ce, ka sauke PyZX ko a tsohuwar laftof yana tashi, ka ɗauki CNOT uku da ake juya kansu ka gwada nuna cewa sun zama musanya waya biyu, da matiris sau ɗaya da zane sau ɗaya. In ka yi na zanen ka ji wani daɗi ya ratsa ka to kwas ɗin naka ne, in kuwa na matiris ɗin ne ya gagare ka to liniya aljabara zaka koma tukunna. Kuma ka tura wa mai kula da kwas ɗin imel ka tambayi mako nawa ake yi a katagori zalla kafin a fara zane, da ko akwai aikin kwamfuta a ciki, don jami'o'in sun bambanta sosai a wannan, wasu sun raba shi kwas biyu ma, ɗaya na katagori ɗaya na zane, in ka samu irin wannan na zanen zaka fara ɗauka.